Bindiga Mai Ladabi

Duk wanda ya ce Haɗejiya ta rasa masana, bai taɓa zama a ƙofar shagon Alhaji Abdulwahid ba. Mu da Allah Ya nufa da zama a wurin mun san irin baiwar da aka ajiye mana a bakin titi, tsakanin mai faci da mai shayi. A ido dai mai sayar da kayan injin ban-ruwa ne, su fulogi da tiyo da kafireta. Wannan sana'ar ciki ce kawai. Ainihin aikinsa sani. Ya san abin da ke sa kogi ya cika, ya san abin da ke sa ya janye, ya kuma san kurakuran da aka tafka wajen gina madatsun ruwa tun kafin a haife shi. Bai taɓa leƙa ajin injiniyanci ba. Amma tun ranar da ya kwance wani inji ya mayar da shi har kusoshi suka yi saura, muka naɗa shi Injiniya. Ya ce kusoshin da suka ragu shaida ce cewa masu ƙera injin almubazzarai ne. Muka ce wallahi haka ne.

Mu ɗin nan su wane ne? Ni ne Malam Inuwa, wanda ya ajiye alli ya koma noman shinkafa, sai Fannami mai bandar kifi, sai wasu 'yan uwa da ba su rasa abin yi ba sai da hantsi da la'asar. Mu ne majalisarsa. Aikinmu mu yarda, aikinsa ya ce wa mai shayi a ƙaro madara. Ban taɓa ganin rabon aiki mai adalci irin wannan ba. Ni ne ma babba a cikin masu yarda, domin ina da ɗan Turanci. Idan Injiniya ya tsinto wata kalma a waya ya jefo mana, ni ke tabbatar wa jama'a cewa lalle akwai ta.

A falonsa akwai wata tsohuwar bindiga a rataye, doguwa, mai nauyin tsiya, wadda ya gada daga kakansa Muhammadu maharbi. Tana da lasisinta, kuma ba baƙon da zai shiga gidan ya fita bai gan shi ba. Injiniya yana kiran ta Gwaggo. An ce a zamanin kakan, idan Gwaggo ta yi magana a bakin kogi, kaji na daina ƙwai a Kaugama. Sai dai irin harsashinta ya ɓace daga duniya tun kafin Injiniya ya yi auren fari, don haka tun daga lokacin ta yi shiru. Shi kuwa jikan bai taɓa harba ko danƙo ba. Wannan bai hana shi zama babban masanin harbi na yankinmu ba, tunda ba wanda ya nemi kujerar.

Sai ga shekarar da jan-baki suka sauko mana. Wanda bai san su ba, 'yan tsuntsaye ne da ba su kai rabin tafin hannu ba, amma idan suka taso daga cikin kacalla, ciyawar nan da ta cinye mana bakin kogi, sai ka rantse gobara ake yi. Shinkafa ta fitar da kai, ta fara nono, daidai lokacin da suka fi so. Gonata tana jikin ta Fannami, tasa kuma tana jikin ta Iya Zinariya, matar marigayi yayana, wadda da ɗan filin nan take ciyar da jikokinta. Maganin da muka sani ɗaya ne. A ja igiya daga wannan gefe zuwa wancan, a ɗaura gwangwanaye, a wuni ana girgizawa ana ihu daga fitowar rana har faɗuwarta. Muryata ta dishe har matata ta ce ta fi jin daɗin zama da ni a haka.

Wata la'asar muka dawo majalisa da taɓo har gwiwa. Injiniya ya dube mu da tausayin da likita ke yi wa wanda ya sha maganin da ba nasa ba. Ya gyara zama.

"Abin kunya ne," in ji shi, "a wannan ƙarni, a ce magidanta masu gemu suna wuni suna yi wa tsuntsu ihu. Duniya ta je wata ta dawo, ku kuna nan kuna kaɗa gwangwanin tumatir. Ni ba na noma, amma ba zan zuba ido a riƙa zubar da mutuncin garinmu a gaban tsuntsaye ba. Gwaggo za ta dawo aiki."

Fannami ya tuna masa cewa ba harsashi. Injiniya ya yi murmushin da ya tanada don irin wannan jahilci, ya zaro waya. Muka haɗa kawuna. Wani Bature ne mai gemu a wani daji mai sanyi, ya ɗauko ɗan bututun ƙarfe ya zura a cikin wata ƙatuwar bindiga, ya saka mata ɗan mitsitsin harsashin fistol, ya harba, ya juyo yana dariya.

"Adafta ke nan," in ji Injiniya. Ido ya dawo kaina. Na ce lalle akwai kalmar.

"Irin ta cajin waya?" in ji Fannami.

"Ɗan'uwanta ne, amma na manya."

Ba a daɗe ba wani abokin cinikinsa ya aiko masa da bututun a cikin kwalin kayan inji, tare da wasu 'yan kwansunan harsashi da aka riga aka harba, kowanne bai fi ƙwallon dabino ba. Injiniya ya ce shi da kansa zai sake cika su, yadda Baturen ke yi. Ya aro farar riga a wurin mai kemis. Ya samo ɗan sikelin masu sayar da gwal. Ya sayi tabarau, ba don idonsa ya samu matsala ba, sai don aikin ya san wanda ke yin sa. Ranar da ya shiga gida da ƙullin albarushi, matarsa Hajiya Asabe ta ce ko albarushin ya fita ko ita. Injiniya ya yi nazari mai zurfi, ya mayar da ɗakin binciken kimiyya kusa da turken awaki.

Akwai wani abu da muka sani muka ƙi faɗa. Injiniya na tsoron ƙara. Ko tayar babur ta fashe a titi, sai an sake haɗa masa wani shayin. To ga shi yau shi da albarushi a ɗaki ɗaya. Duk sanda ya ɗiba ya zuba, sai ya dubi hannuwansa, ya tuna yana son su, ya rage. Washegari ya sake dubawa ya sake ragewa. Wani ƙaramin mutum zai kira wannan tsoro. Injiniya ya kira shi tacewa.

"Maharban da," ya ce mana, "cika albarushi suke yi kamar masu ɗura wa rago dusa. Ƙarfi ne ba ilimi. Ni ragewa nake yi. Kun san abin da Turawa suka fi alfahari da shi a wannan fasaha? Ladabi. Ba ta dukan kafaɗa, ba ta damun maƙwabta. Za ka harba a bayan gida jariri na barci a ɗaki bai motsa ba."

Muka yi kabbara. Ni da na yi shekara da shekaru ina koya wa yara su yi tunani kafin su amsa, na ji da kunnena an ce bindigar ba ta damun kowa, na kuma san tsuntsaye muke so a dama. Wani abu ya ɗan motsa a bayan ƙwaƙwalwata. Daidai nan mai shayi ya ajiye mini kofi da biredi mai bota, abin ya koma ya kwanta.

Labari kuwa ya yi ƙafa, kuma mu muka saya masa takalmi. Fannami ya kai kifi kasuwar Malam Madori ya ce bindigar tana kashe tsuntsu bai san ya mutu ba. Ni na gaya wa wani abokina na Jahun cewa harsashi ɗaya na isar garke. Kafin mako ya zagayo labarin ya dawo mana da ƙiba, wai Injiniya ya ƙera makamin da har ƙasashen waje ke neman sa. Da ya ji, bai musa ba. Ya ce dai bai yanke shawarar sayarwa ba tukuna. Muka ƙara masa sarautar Farfesan Albarushi, ya karɓa cikin tawali'u, ya sa aka rubuta a allon shago.

Da aka tsayar da ranar gwaji, ya gindaya sharaɗi. A kwance igiyoyi, a sauke gwangwanaye, kada wanda ya yi ko tari.

"Hayaniyarku ce ke warwatsa su," in ji shi. "Ni so nake su hallara wuri ɗaya, manyansu da ƙanana, su ɗauki darasi baki ɗaya. Wanda ya tsira ya je ya ba da labari a kacalla."

Ni aka tura in shawo kan masu gonaki, saboda iya bakina. Na yi aikin da kyau, abin da har yau nake mamakin yadda na iya shi. Iya Zinariya ma ba ta ba ni wahala ba. Ta ce, "Malam, in dai kai ka gani ka yarda, ai shi ke nan. Dama maƙogwarona ya gaji." Ta kwance igiyarta da hannunta, ta ce za ta dama wa Alhaji fura.

Ranar da safe fadama ta yi tsit, irin shirun da ba a taɓa ji ba tun da shinkafa ta fitar da kai. Jama'a suka yi layi a kan kunyar gona. Injiniya ya iso a bayan babur, da rigar kaki mai aljihu ko'ina, da takalmin roba har gwiwa, da malafa, da auduga a kunnuwa biyu. Gwaggo na rungume a ƙirjinsa kamar za a kai ta asibiti. Iya ta kawo fura a ƙaton kwano. Ya ce masu aikin kimiyya ba sa cin komai kafin gwaji. Don kada ta ji ba daɗi, na zauna na taimaka wa kwanon har ya kusa ganin gindinsa.

Sannan ya yi jawabi. Ya gode wa kakansa, ya gode wa Baturen waya, ya yafe wa waɗanda suka yi shakka. Yana cikin yafewar ne jan-baki suka taso. Suka zo gaba ɗaya, suka yi shawagi sau ɗaya a kanmu kamar masu mamakin wannan karamci, suka sauka. Gonaki suka canza launi. Kana jin ƙarar bakunansu kamar yayyafi a kan kwano.

Injiniya ya zura bututu, ya saka ɗan harsashi, ya ɗaga Gwaggo. Muka toshe kunnuwa da yatsu, muka runtse ido. Muka jira. Da jiran ya yi yawa na buɗe ido ɗaya, na gan shi ya sauke bindiga yana kallonmu da fuskar mai jiran tafi.

"Sai yaushe, Injiniya?" in ji Fannami.

"Ai an yi."

Muka dubi gona. Ba tsuntsun da ya ɗaga kai.

Ya sake ɗurawa. Wannan karon muka bar kunnuwanmu a buɗe. Ya kawar da fuska, ya ja kunama. Gwaggo, wadda ta hana kajin Kaugama ƙwai, ta ce fut. Ɗan dalmar ya fito a hankali kamar mai jin kunyar jama'a, ya yi 'yar tafiya, ya faɗa ruwa tsulum. Wani kwaɗo ya matsa masa.

"Kun gani?" in ji Injiniya, muryarsa ta ɗan yi sama. "Kun ga yadda suka kasa tashi? Tsoro ne ya daskarar da su. A kimiyyance wannan ya fi gudu."

Na buɗe baki zan ce lalle akwai hakan a Turance. Sai idona ya faɗa kan gonar Iya. Daskararrun tsuntsayen suna ta aiki, zangarniya tana sunkuyawa ƙarƙashinsu tana miƙewa fayau, ba komai a kanta. Iya ma ta gani. Ta fizge kwanon fura daga gabana, ta cire takalminta ta hau dukan sa, ta faɗa cikin gona tana kururuwa da muryar da ta ce ta gaji.

Nan muka farka. Magidanta masu gemu muka zuba cikin taɓo muna ihu, wannan na kaɗa hula, wancan na tafi, Fannami na zagin tsuntsaye da Barbarci don ya ce ya fi shiga. Na yi asarar takalmi ɗaya, na ci da baka sau biyu. Jan-baki suka tashi daga ƙarshe, a natse, irin tashin baƙin da suka ƙoshi. A bayanmu kuma Injiniya na nan a kan kunya, yana ta ɗurawa yana fut, yana ɗurawa yana fut, don a san da taimakonsa aka yi nasara.

Muna zaune a jiƙe muna kallon abin da ya rage, sai ga motar 'yan sanda ta tsaya a bakin hanya. Labarinmu na kasuwa ya isa inda ba mu aike shi ba. Wani Sufeto mai furfura a gemu ya tako a hankali yana kare takalminsa daga taɓo. Ya yi sallama, ya tambayi wanda ya ƙera makamin da ƙasashen waje ke nema.

Ban taɓa ganin fuskar Injiniya ta yi haske irin na wannan lokaci ba. Hukuma da kanta ta zo. Ya cire audugar kunne, ya gyara malafa, ya ce, "Ga ni, ranka ya daɗe."

Sufeto ya karɓi Gwaggo ya duba, ya duba lasisi, ya zare bututun ya juya shi a hannu, ya tattara 'yan kwansunan a hankici.

"Alhaji, tsohuwar nan tana da izinin zama a gidanka. Waɗannan 'yan baƙin ba su da shi, da su zan tafi. Saura magana ɗaya. Idan an harba su a nan, cikin wannan taro, to har da kai zan tafi. An harba ko ba a harba ba?"

Kowa ya gane inda maganar ta dosa. Bawan Allah ya buɗe masa ƙofa ce, abin da ya rage wa Injiniya kawai shi ne ya ce ba a harba ba, ya koma gida wajen Hajiya Asabe. Injiniya ya dubi ƙofar nan, ya dubi jama'ar da ta taru, ya ɗaga ƙirji.

"An harba, ranka ya daɗe. Ba sau ɗaya ba."

Sufeto ya numfasa. Ya juyo gare mu. "Wa ya ji ƙarar bindiga a cikinku?"

Fannami ya sosa ƙeya ya ce, "Ƙara dai, ranka ya daɗe, tsakanina da Allah ban ji ba." Wani ya ce shi yana wajen ihu. Wani ya ce ya ji kwaɗo ya faɗa ruwa.

"Ku faɗa masa ta tashi!" in ji Injiniya. "Kuna nan fa! Malam Inuwa, kai ma?"

Sai Sufeto ya hango Iya tana matse bakin zaninta. Ya ce, "Iya, ke ba za ki ɓoye mini ba. Kin ji wani abu?"

Iya ta dube ni, ta sunkuyar da kai irin na mai jin nauyi.

"Ɗan nan, na dai ji wani ɗan abu yana ta fita, fut, fut. Amma na kawar da kai. Na ɗauka Malam Inuwa ne, don ya sha furar nan da yawa."

Gemun Sufeto ya fara rawa. Ya daure, ya juyo gare ni da fuskar aiki.

"Malam, kai ne?"

Na dubi motar. Na dubi Injiniya, mai hawan jini, wanda ko daren sallah ba ya iya kwana a wajen gidansa. Na dubi fadama cike da mutane, rabinsu ni na koya musu karatu. Na gyara tsayuwa a kan takalmina ɗaya.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Sufeto ya miƙa wa Injiniya Gwaggo, ya ce a mayar da ita bango. Ni kuma ya ce in rage fura. Sai da ya shiga mota ya rufe ƙofa sannan muka ji dariyarsa, kuma ta fi duk abin da aka harba a ranar ƙara, don wasu 'yan tsuntsaye da suka rage sun tashi.

Shinkafar shekarar ba ta yi auki ba. Da aka yi girbi, kowa a majalisa ya ɗiba daga ɗan abin da ya samu aka kai gidan Iya, ni na ɗauki buhun a kaina don kada a ce sai an tuna mini. Ta karɓa ta sa albarka, ta kuma tambaye ni ya cikin. Sunan da aka laƙaba mini a fadama ba zan rubuta shi a nan ba, amma idan ka je ka faɗe shi, kowa zai nuna maka gonata.

Na yi zaton Injiniya zai zo har gida ya yi mini godiya, tunda da mutuncina na fanshe shi. Bai zo ba. Ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Duk wanda ya zauna a ƙofar shagonsa yanzu, sai ya ba shi labarin yadda ya kwashe makonni yana bincike kusa da turken awaki, ranar da abu ya yi kyau kuma, amininsa ya tsaya a gaban hukuma, ba kunya ba tsoron Allah, ya ce wai shi ya yi aikin.